Idon Talabijin: A Haɗa Ko A Saya?



Abin da zan yi magana a kansa bai fi ƙwayar gyaɗa girma ba, wato ɗan idon nan da ke gaban talabijin ko dikoda, mai karɓar umurnin rimot. Hasken da yake gani ya ɓuya ga idon ɗan Adam. Shi ake kira infirared, wanda William Herschel ya gano a Ingila cikin 1800.

A gari irin Fulatan, cikin ƙaramar hukumar Rogo, idan wannan ido ya mutu, hanya biyu ce gaban mai gyara. Ko ya aika kasuwar Sabon Gari a Kano a sayo masa haɗaɗɗe mai ƙafa uku, irin TSOP na kamfanin Vishay, ko kuwa ya ɗauko dalma ya harhaɗa nasa da dayod mai jin haske da tiransista.

To, babbar abokiyar gabar na biyun ita ce rana, domin haskenta cike yake da infirared. Saboda haka rimot ba ya aika haske tsayayye. Ƙyaftawa yake yi, galibi sau 38,000 a daƙiƙa guda, na tsarin RC-5 na Philips kuwa sau 36,000. A cikin idon saye akwai matata wadda ba ta barin komai ya wuce sai wannan ƙyaftawa, ga kuma baƙar riga mai tare hasken da ake gani. Haɗin hannu mara matata zai yi aiki da dare a ɗaki, amma a fito da shi rumfar mai shayi da hantsi, nan take ya makance. A ce a ƙera masa matatar, kuɗin kayan ya zarce na haɗaɗɗen, daidaita ta kuma sai da na'urar awo ta ɗakin gwaji.

Ra'ayina, talabijin ɗin gidan kallon ƙwallo, inda mutum yake neman abincinsa, a sa masa na saye. Amma mu masu karatun lantarki wajibi ne kowa ya haɗa nasa ko da sau ɗaya. Mai gyaran da bai san bambancin 36 da 38 ba zai liƙa wanda bai dace ba, rimot ya ƙi ci sai an matso kusa, shi kuma ya ɗora laifin a kan rimot, ya sa mai kaya ya sayi sabo a banza.