Jawabin Bikin Yaye Ɗaliban Gyaran Tsofaffin Gine-gine



Ku 'ya'yanmu da ake yayewa yau, kafin a miƙa muku takardun shaida, ku ba ni aron hankalinku in ba ku labarin wani gida.

A karkarar Ayrshire ta ƙasar Sikotland, kusa da garin Cumnock, akwai wani katafaren gida da ake kira Dumfries. John Adam da ƙanensa Robert ne suka tsara shi, aka kammala ginin a 1759, aka ƙawata shi da kujeru da gadaje na shahararren kafinta Thomas Chippendale. Kusan shekara 250 kayan nan suna inda aka ajiye su. A 2007 magajin gidan ya sa shi a kasuwa: gida daban, kaya daban, za a yi gwanjonsu a Landan, kowace kujera ta kama gabanta.

Ana dab da gwanjon, Yarima Charles, wanda yanzu shi ne Sarkin Ingila, ya haɗa kan hukumomi da ƙungiyoyi aka tara fam miliyan 45, miliyan 20 daga ciki rance ne. Aka sayi gidan da kayansa da fili eka 2,000.

Sai tambaya ta taso: me za a yi da shi? Jama'ar yankin suna fama da rashin aiki tun da aka rufe ramukan haƙar kwal. A 2008 aka buɗe ƙofa ga masu ziyara, daga baya aka mai da harabar wurin koyon gini, ɗinki, noma da girki. Kuɗi ya hana a watsa gidan, amma matasan da ke shiga kullum da safe su suke riƙe da shi.

Mu ma mun san haka. Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano suna tsaye domin an mai da su gidajen tarihi. Soron da aka garƙame kuwa, babu mai ganin yoyonsa, sai damina ta kwantar da shi.

Don haka, 'ya'yana, kun iya yaɓe, kun iya ɗora azara. Duk ranar da aka kira ku gyaran tsohon gida, kafin ku kwaɓa ƙasa ku tambayi masu shi: wa zai shiga, me zai yi a ciki?

Allah Ya sa albarka a hannuwanku, Ya mai da kowa gidansa lafiya.