Gwiwar Tsofaffinmu: Jawabin Wani Ɗan Ƙungiya Ma'aikacin Kine

 

Ƴan'uwa matasa, in kun shiga masallaci ku dubi ƙarshen sahu, ku ƙirga kujeru. Kusan kowace kujera gwiwa ce ta kawo ta. Shari'a ta yi rangwame, wanda bai iya tsayuwa ya yi salla zaune, wannan malamai sun gama bayaninsa. Ni abin da ya tsayar da ni gabanku shi ne abin da mu ƴaƴa muke yi in mun koma gida. Don tausayi sai mu ce: “Baba, zauna ka huta, kar ka wahalar da ƙafar.” To wallahi wannan tausayin yana ƙara cutar.

Ga dalili. A bakin ƙasusuwan gwiwa akwai guringuntsi mai santsi. Da shekaru, da nauyin jiki, da tsohon rauni, sai ya riƙa zaizayewa. Shi guringuntsin nan ba ya da jijiyar jini. Daga ruwan cikin gaɓa yake samun abinci, kuma sai an lanƙwasa an miƙe ruwan ke shigarsa. Sannan naman cinya na gaba shi ke tallafe gwiwa. Tsoho ya yi wata biyu bisa tabarma, cinya ta saki, gaɓa ta ƙage, ciwo ya ƙaru, ya ƙara jin tsoron tashi. Haka na gani ga kakata, Allah Ya jiƙanta, kuma ni ne mai hana ta zuwa ko ƙofar gida.

Ba mu kaɗai ba ne. OMS ta ce a 2019 mutum miliyan 365 ke fama da wannan ciwo a gwiwa.

In aka kawo mana tsoho, da hannu muke farawa. A motsa ƙoƙon gwiwa, a ja gaɓar a hankali, a miƙe naman da ya ɗaure. Yakan ji sauƙi, har ya sa mana albarka. Amma aikin hannu ƙofa kawai yake buɗewa. In bai bi da motsa jiki ba, sauƙin ba ya daɗewa. A 2020 an buga wani bincike na Amurka kan mutum 156: rabi aka yi musu allurar kortizon a gwiwa, rabi aikin hannu da motsa jiki. Bayan shekara guda, na biyun sun fi samun sauƙin ciwo da tafiya.

Motsin kuwa ba ya son inji. Baba ya zauna kan kujera, ya miƙe ƙafa sak, ya ƙirga biyar, ya sauke, sau goma kowace ƙafa. Ya tashi daga kujera ya koma, in ya iya ba tare da dafa hannu ba. Ya taka zuwa masallaci, ko da sanda ce. Ɗan ciwo lokacin motsin ba laifi ba ne. In ya kwana ya wuni bai lafa ba, a rage, kar a daina. Ana buƙatar wata biyu ko uku kafin a ga canji sosai, kuma nan ne tsoho ke gajiya in shi kaɗai ne. Minti goma sha biyar dai, kafin ku tafi fada shan shayi. Ku zauna ku ƙirga masa. Hajiya mai jiki kuma, kilo guda in ta rage, kamar kilo huɗu ta sauke ma gwiwa a kowane taku.

Don Allah ku daina sayo musu diklofenak wurin masu tallar magani bisa kai suna sha kullum. Yana kawo gyambon ciki, yana taɓa ƙoda, balle mai hawan jini. Kuma in gwiwa ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi, ga zazzaɓi, ba tausa, ba tsaga, ba ƙaho. A ɗauke shi a kai likita ranar nan.