Bashin da Mawaƙanmu da 'Yan Wasanmu Suke Bin Mu



Mun taru a wannan dare ne domin mu tuna da waɗansu bayin Allah da suka faranta wa iyayenmu rai, suka kuma faranta mana, sa'an nan suka riga mu gidan gaskiya. Yawancinmu da ke wannan zaure ba mu taɓa ganinsu ido da ido ba. Duk da haka, da muryoyinsu muka tashi, a rediyon gida, da cikin motar haya, da wurin biki.

Alhaji Mamman Shata, ɗan Musawa, ya rasu ran 18 ga Yuni, 1999, aka binne shi a Daura. Fiye da shekara hamsin ya yi yana waƙa da kalangu, ya waƙe sarakuna da attajirai da direbobi da manoma, kuma sau da yawa nan take yake ƙaga waƙar a gaban jama'a. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Hajiya Barmani Coge ta Funtuwa, wadda ta fito da kiɗan ƙwarya na amada daga cikin gida zuwa dandali, ta kuma yi ta kiran mata su kama sana'a, ta rasu a 2013. Ɗan Maraya Jos ya bi bayanta ran 20 ga Yuni, 2015. Shi kaɗai yake tsayawa da ɗan kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, ba 'yan amshi, ya yi wa karen mota waƙa a lokacin da ba mai kallon karen mota da daraja, ya kuma yi tir da auren dole.

A fagen wasan kwaikwayo ma mun yi rashi. Rabilu Musa Ibro, wanda ya sa birni da ƙauye dariya a finafinan Kano, ya rasu a Disamba 2014. Ƙasimu Yero, gwanin wasannin talabijin na Kaduna, ya rasu a 2017. Usman Baba Pategi, watau Samanja Mazan Fama, tsohon soja da ya nuna wa farar hula zaman bariki cikin raha, ya rasu a Nuwamba 2023. Allah ya jiƙansu baki ɗaya.

To, jama'a, a nan ne ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya, ko da ɗaci. Duk ranar da ɗayansu ya rasu mukan cika gari da jimami, gidajen rediyo su yini suna sa waƙoƙinsa, manya su aika da ta'aziyya. Kafin sadakar arba'in an manta. Alhali kuwa sa'ad da suke raye, mu 'yan boko da yawa cikinmu maroƙa muke ce musu, mu yi rawa da kiɗansu a wurin biki, amma mu ji kunyar a ce ɗanmu ya gaji sana'arsu.

Abin da ya fi wannan tsanani shi ne hasarar ayyukansu. Mawaƙin baka ba ya rubuta waƙarsa. Wadda aka ɗauka a faifan garmaho ko kaset ita ce ta tsira, wadda kuwa ya rera a ƙofar wani hakimi ba tare da na'ura ba ta tafi tare da shi da waɗanda suka saurara. Shi ya sa har yau ba wanda ya iya ƙidaya waƙoƙin Shata. Kaset ɗin ma ba ya dawwama: zafi da laima da ƙura suna cin zarensa a hankali, faifai ya karce ko ya fashe. Cikin waƙoƙin nan akwai sunayen garuruwa da sarautu, da kalmomin noma da fatauci da muke neman mantawa, da labarin yadda mutanen Arewa suka ga yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, da canjin kuɗi zuwa naira a 1973. Wanda ya bar su suka lalace ya bar tarihinsa ne ya lalace.

An yi ƙoƙari, ba mu musu. Littafin Shata Ikon Allah, wanda Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka wallafa a 2006, ya nuna abin da ake iya yi in an dage. Amma mawaƙa nawa ne suka sami irin wannan gata?

Saboda haka muna roƙon abu uku. Na farko, kowane ɗalibi in ya je hutu ya bincika akwatin mahaifinsa ko kakansa, ya kwafe tsofaffin kaset zuwa kwamfuta, ya rubuta sunan mawaƙi da na wanda aka yi wa waƙar, ya kawo wa Sashen Hausa kofi. Na biyu, masu neman batun kundin digiri su nemi 'yan amshi da makaɗan da suka rage da rai, su yi hira da su tun bakinsu na motsi. Na uku, yayyenmu ma'aikata, musamman na gidajen rediyo da ma'aikatun al'adu, su kula da ɗakunan ajiyar faifai, su kuma tsaya a kan cewa iyalan mamatan nan su sami haƙƙinsu duk sa'ad da aka yi ciniki da muryar mahaifinsu.

Addu'a ita ce haƙƙinsu na farko a kanmu, adana abin da suka bari shi ne na biyu. Allah ya gafarta musu, ya kyautata namu ƙarshen.