Yaƙin Hitila da mutanen da ba su taɓa jin ƙarar bindigarsa ba

Gaisuwa ga mutanen Zangon Sokode, da na Mango, Dapaong da Sinkase, da makiyaya a rugage, da direbobin da ke kwana a bakin iyaka. Yau za mu koma baya, zuwa yaƙin duniya na biyu, wanda kakanninmu ke kira Yaƙin Hitila, daga 1939 zuwa 1945. Ba labarin fagen fama za mu ba ku ba, labarin waɗanda suka zauna gida ne, irinmu.

Tun kafin zuwan Turawa, hanyar goro daga Gwanja zuwa Kano tana bi ta wannan yanki: Salaga, ƙasar Kotokoli, Zugu, Nikki. Ita ta kafa zangunanmu. A ɗauko goro daga yamma, a kai kanwa, tufafi da dabbobi. Da Turawa suka yanka iyakoki ma, fatauci bai tsaya ba.

To, a watan Yunin 1940 Jamus ta ci Faransa. Masu mulkin Togo, Dahome da Nijar suka bi gwamnatin Vichy, wadda ta yi sulhu da Jamus. Gwalkwas kuwa, wato Gana ta yau, da Nijeriya suna hannun Ingila, ita kuma tana cikin yaƙi. Kun ga ke nan maƙwabta sun wayi gari a ɓangarori biyu. Aka rufe iyaka. Mai shanun da ya saba kai su kasuwar Kumasi, da mai goron da ke saro kaya can, duk sana'arsu ta koma fasa-ƙwauri, ana bin daji da dare.

Jiragen ruwa suka rage zuwa Lome, kantuna suka bushe. Akoko da alawayyo suka yi wuya, haka kananzir, ashana da sabulu. Me mutane suka yi? Suka koma ga abin da hannunsu ya iya. Mata suka ɗauko mazari suna kaɗi, masaƙa suka samu ciniki, aka kunna fitilar man kaɗe, aka dafa sabulun toka. Matar da ta iya kaɗi ko ta iya man kaɗe, ai ita ta rufa wa gida asiri a lokacin da maigida ya rasa hanya.

A Nuwamban 1942 yankin Faransa na Afirka ta Yamma ya koma ɓangaren Ingila da Amurka. Sai dai talaka bai huta ba. Aka ɗora wa garuruwa kason gyaɗa, auduga da ƙwarar manja da za su kawo saboda yaƙi, ga aikin tilas, sarakuna ne kuma ke tattarawa. Samari da yawa suka tsallaka Gwalkwas. A can ana ɗaukar soja, har aka kai wasu Bama, kuma Hausa ce harshen bariki.

Kada ku ce mu kaɗai abin ya shafa. A Amurka, mai arziki, sai da aka raba wa mutane katin sayen sukari a 1942, aka ƙara da nama a 1943. Masana'antun mota suka daina ƙera motocin hawa, suka koma kayan yaƙi. Miliyoyin mata suka shiga aikin masana'anta, baƙaƙen fata da yawa suka bar gonakin kudu zuwa birane.

Da aka gama yaƙi, duniya ba ta koma yadda take ba. A Disamban 1945 aka ƙirƙiro kuɗin sefa da ke aljihunku yanzu. A Afrilun 1946 aka soke aikin tilas a ƙasashen da Faransa ke mulka. Waɗanda suka ga duniya suka dawo da buɗaɗɗen ido, aka shiga siyasa, har Togo ta samu 'yanci ran 27 ga Afrilu, 1960.

Me ya sa muka tono wannan? Domin yau ma abin ya zo ƙofarmu. A Yunin 2022 aka sa yankin Savanes ƙarƙashin dokar ta-ɓaci ta tsaro. Tun 2023 da aka rufe iyakar Nijar da Benin, kaya da yawa suka juyo ta Lome, Sokode da Sinkase. Wani ya samu, wani ya karye.

Saboda haka, Alhaji, kada ka zuba jarinka duka a hanya ɗaya, ko a kaya iri ɗaya. Ardo, takardun dabbobi da na rigakafi su kasance a hannu, a bi burtalin da aka sani, a sanar da hukuma kafin a tashi. Hanyar dare ta yanzu ba ta zamanin kakanni ba ce, ana iya ɗaukarka abin da ba kai ba. Sana'ar uwargida kuma a ba ta jari, kada a raina ta. Fatoman da ya riƙe maka amana a wancan gefen iyaka, ka biya shi bashinsa, domin ranar da aka rufe hanya shi ne zai sayar maka da kaya ya aiko da kuɗinka.

Allah ya zaunar da ƙasashenmu lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.