Fatauci A Ƙetaren Iyaka: Abin Da Ya Kamata A Sani Kafin A Ɗaure Kaya

(Jawabin da aka gabatar a taron ɗalibai 'yan asalin Dutsi)



Batun da aka ɗora mana a yau shi ne yadda mutum zai yi ciniki a ƙasar da ba tasa ba, ba tare da ya saɓa wa doka ko ya yi asarar jarinsa ba. Mu mutanen Dutsi ba sai mun kai Ingila ko Sin neman misali ba. Wanda ya tashi daga Shargalle ya bi ta Daura ya kai Kongolam, da ya gota ya shiga Ɗan Barto to ya zama baƙo a Jamhuriyar Nijar, hanya kuma ta miƙe sai Matamaye da Damagaram. Harshe ɗaya, addini ɗaya, ga auratayya. Wannan kusanci alheri ne, amma shi ne kuma yake yaudarar da yawa daga cikinmu, har su manta cewa tun da Turawan Ingila da na Faransa suka shata iyakar nan a farkon ƙarni na 20, doka ta rabu biyu, kuɗi ya rabu biyu, hukuma ma haka.

Iyayenmu fatake da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro ba su taɓa shiga gari da ka ba. Kowane ayari yana da maigidan da zai sauke shi a zango, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa a gaban sarki. Wato tun kafin zuwan takarda sun gane cewa baƙo ba ya ciniki sai da wanda zai lamunce shi. A zamaninmu rabin aikin maigida ya koma hannun takarda, wanda kuwa ya raina ta yakan ji a jikinsa. A Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta Gana ta ba baƙin da ba su da izinin zama mako biyu su fice, 'yan Nijeriya da yawa suka baro rumfuna da gidajen da suka shekara suna ginawa. A 1983 Nijeriya ita ma ta kori baƙi, akasarinsu 'yan Gana. Saboda haka za mu duba ƙofofi huɗu da ɗan kasuwa zai bi: ta mutum, ta kaya, ta kuɗi, da ta alkawari.

Ƙofa ta farko ita ce ta mutum kansa. An kafa ƙungiyar ECOWAS a Legas a 1975, a 1979 kuma aka amince ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar ya shiga wata ya yi kwana 90 ba tare da biza ba, muddin yana riƙe da takardar tafiya da katin rigakafi. Shekaru da dama a kan wannan muka dogara. To amma Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar, ficewar ta tabbata ran 29 ga Janairu 2025. A ranar ECOWAS ta ce a ci gaba da zirga-zirga da ciniki kamar da, har sai ta sake sanarwa. Mu lura da wannan sharaɗi, domin abin da aka ce har sai an sake sanarwa lamuni ne, ana iya janye shi. Don haka kada mutum ya ƙetare sai da fasfo mai rai da katin allurar shawara, ya kuma bari a buga masa hatimin shiga. Bugu da ƙari, izinin shiga daban, izinin zama a kafa shago daban. Wanda zai zauna sai ya nemi takardar zama daga hukumar can.

Wanda ya yi niyyar kafa kasuwanci sosai, ya sani cewa rajistar da ya yi da hukumar CAC a Nijeriya ba ta ƙetare iyaka tare da shi. Dokarmu ta samo tushe daga ta Ingila, tasu kuwa daga ta Faransa. Nijar tana cikin ƙasashe 17 masu bin dokar kasuwanci guda da ake kira OHADA, wadda aka sa hannu kan yarjejeniyarta a 1993, babbar kotunta kuma tana Abijan. A ƙarƙashinta ɗan kasuwa yakan shiga littafin rajista da suke kira RCCM, ya kuma karɓi lambar haraji ta NIF. Wasu kan guje wa wannan wahala su buɗe shago da sunan aboki ɗan ƙasa. Muna jan kunne a nan: a idon doka shagon na mai sunan ne. Ran da ya rasu, magadansa ne za su gaje shi, mai jarin kuwa ba shi da abin nunawa sai rantsuwa.

Ƙofa ta biyu ita ce ta kaya. Abin da yake halal a kasuwar Mai'aduwa yana iya zama haramtacce a bakin iyaka, kuma jerin haramtattun yana canzawa. A 2016 Nijeriya ta hana shigo da shinkafa ta kan iyakokin ƙasa. A Oktoba 2024 Nijar ta hana fitar da hatsi irin su gero da dawa da masara zuwa ko'ina ban da Mali da Burkina Faso, a Mayu 2025 kuma, gab da Babbar Salla, ta hana fitar da dabbobi. Wanda ya riga ya zuba jarinsa a raguna a lokacin, ya san abin da ake nufi da rashin sani ya fi dare duhu. Ita kanta iyakar an rufe ta daga 1984 zuwa 1986, da daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, sannan bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 har zuwa Maris 2024. Darasin a fili yake: a tambayi kwastan kafin a sayi kaya, kada kuma a zuba dukan jari a mota ɗaya, balle kayan da ke ruɓewa.

Mai fitar da kaya da yawa daga Nijeriya yana bukatar rajista da hukumar NEPC, da cika fom ɗin NXP ta hannun banki, kuɗin kayan kuma su dawo gida cikin kwana 180. A can kuma jami'an kwastan, waɗanda suke kira duwan, za su nemi takardar da ke nuna irin kayan da yawansu da asalinsu. Duk abin da aka biya a karɓi rasit. Mun sani akwai masu cewa hanyar daji ta fi sauƙi. Amma ɗan fasa-ƙwauri ba shi da kotun da zai kai ƙara in an ƙwace masa kaya, ribar tafiya goma kuwa takan tafi a dare ɗaya, wani lokaci har da rai.

Ƙofa ta uku ita ce ta kuɗi. Sefa tana ɗaure da yuro a kan farashi tsayayye, yuro ɗaya sefa 655.957, alhali naira tana hawa tana sauka, ta kuma faɗi ƙwarai bayan da aka sake ta a Yuni 2023. A misali, mutum ya ɗauki shanu bashi a kan sefa miliyan ɗaya, zai biya bayan wata uku. Idan kafin lokacin naira ta rasa rabin darajarta, sai ya nemo ninkin nairar da ya lissafa, alhali ya riga ya sayar da shanun a tsohon farashi. Sefar ma ba dutse ba ce, don a Janairu 1994 an rage mata rabin daraja a rana ɗaya. Saboda haka a fayyace tun farko da wane kuɗi za a biya, a kan wane canji. Har ƙirga ma a yi hattara. Mutanen Nijar da dala suke ƙirga, dala ɗaya sefa 5 ce, in sun ce dala ɗari suna nufin sefa 500, jikarsu kuwa sefa 1,000 ce, alhali a wurin dattawanmu jaka naira 200 ce.

Ƙofa ta huɗu ita ce ta alkawari. Cinikinmu a kan amana ya ginu, ba kuma muna cewa a rushe ta ba. Amma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Takardar yarjejeniya ta faɗi irin kaya da ma'auni, ko buhu ko tiya, da farashi, da ranar biya, da wanda zai ɗauki asara in kaya sun lalace a hanya, da la'adar dillali, da inda za a kai ƙara in an saɓa. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci, domin hukuncin alƙalin Daura ba ya zartuwa kai tsaye a Matamaye. A 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, amma an bar Faransanci cikin harsunan aiki. Kada kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar da ba a fassara masa ba.

To, 'yan'uwa, ina namu aikin? Iyayenmu sun fi mu sanin kasuwa nesa ba kusa ba, mu kuwa an tura mu makaranta don mu san takarda. A Fabrairu 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda aka tsara zai bi ta Daura da Katsina da Jibiya. Jirgi ba ya ɗaukar kayan da ba su da takarda, saboda haka in ba mu shirya ba manyan kamfanoni za su kwashe cinikin, mu kuma mu zama 'yan dako a ƙofar gidanmu. Shawararmu uku ce. Ɗalibai mu koyi Faransanci ko da na karanta rasit ne. Ƙungiyarmu ta riƙa fassara sanarwar kwastan ta ɓangarorin biyu zuwa Hausa tana kai wa shugabannin kasuwanni lokacin hutu. Yayyenmu ma'aikata kuwa, musamman waɗanda aiki zai kai bakin iyaka, su tuna cewa kowane cin hanci da aka karɓa a shinge, talaka ne yake biyansa a kan kwanon hatsi.

 Allah ya sa albarka a neman kowa.