Jawabin Magatakarda Kan Inshorar Mota Da Kaya

Shugaba, iyayenmu dattawan ƙungiya, alhazai da hajiyoyi, Allah ya maimaita mana wannan rana. An ba ni minti goma in yi magana kan inshora, to zan taƙaita kan abin da ake yawan kawo mana ofis.

Da yawa daga cikinmu inshora a wurinsu takarda ce da ake miƙa wa jandarma ko ɗan sanda a shinge. Shi ya sa ake saye a bakin tasha wajen duk wanda ya fi araha. Wannan takarda za ta iya wuce da kai shinge goma, ranar haɗari kuma a je kamfani a tarar babu lambar motarka a littafinsu. Tun watan Janairun 2023 hukumar NAICOM ta sa inshorar dole ta ƙaramar mota naira 15,000, ta babbar motar haya kuma naira 100,000. Wanda ya ce zai yi maka ta tirela a dubu ashirin, jabu zai ba ka.

Sai katin ECOWAS mai ruwan ƙasa, wanda ake amfani da shi tun yarjejeniyar 1982. Aikinsa guda ɗaya ne: idan motarka ta buge mutum ko ta lalata dukiyar wani a Kwatano ko Lome, shi ke biyan diyya. Ba ya gyara taka motar, ba ya biyan kayan da ke cikinta. Kuma ba ya aiki a Kamaru da Chadi, can nasu katin daban ne, mai ruwan hoda. Masu bin hanyar Gamboru zuwa Kusuri ku riƙe wannan. Masu shiga Maraɗi da Ƙonni kuma, tunda Nijar ta fita daga ECOWAS a Janairun 2025, ku sa kamfani ya rubuta sunan ƙasar ɓaro-ɓaro a takardarku kafin ku biya.

Inda aka fi yin kuka shi ne kaya. Alhaji, inshorar direba ba taka ba ce. Buhunanka suna buƙatar tasu inshorar ta kaya a hanya. Kuma a nan ne ake yin dabarar da ke cin mai ita, wato rage kuɗin kaya a takarda don a biya kaɗan. A ce kayanka na miliyan 20 ne, ka rubuta miliyan 10. Mota ta faɗi, na miliyan 6 suka lalace. Kana zaton tunda 6 bai kai 10 ba za a biya ka duka. Ba haka suke lissafi ba. Za su ce rabin kayan ka yi wa inshora, don haka rabin asarar za su ɗauka, su miƙo maka miliyan 3. Doka tana bayansu, ƙungiya ba ta da abin cewa. Ga wata kuma: in ba ka biya kuɗin inshorar ba, babu kariya, ko da dillalin ɗan unguwarku ne ya ce ka kawo bayan kasuwa. Haka dokar take a Najeriya, haka take a ƙasashen sefa.

Rangwame na gaskiya yana nan. Mai yin sawu biyu ko uku a wata ya nemi inshorar shekara, maimakon saye sawu-sawu. Wanda zai iya ɗaukar ƙaramar asara da kansa, a ce dubu ɗari biyun farko, ya faɗa wa kamfani, kuɗin zai ragu. Idan kuma muka haɗu mu hamsin muka je da sunan ƙungiya, cinikin da za mu yi ya fi na mutum ɗaya. Masu shakka ta fuskar addini, akwai kamfanonin takaful masu lasisi.

In abu ya faru, a ɗauki hoto nan take, a karɓi rahoton 'yan sanda ko jandarma na wurin, a sanar da kamfani a ranar, a ajiye rasit da takardun kwastan. Masu son shiga inshorar haɗin gwiwa su kawo takardun motocinsu ofis, zan rubuta sunaye.