Shin Fuska Tana Faɗin Asali? Jawabi a Kan 'Yan Ruwa-Biyu a Birnin Kano



Maganar da muka zo da ita yau kowa ya san ta, amma ba a cika kawo ta bainar jama'a ba, watau matsayin mutanen da ake kira ruwa-biyu a birnin Kano. Muna nufin waɗanda jininsu ya haɗa Bahaushe da Balarabe, ko Buzu, ko Kwara, ko Bature, har abin ya bayyana a fatarsu da gashinsu da karan hancinsu. Tambayarmu ɗaya ce: shin fuska tana iya ba da shaidar asalin mutum a wannan gari? Kafin mu amsa, muna roƙon arziki ku biyo mu cikin badala mu karanta sunayen unguwanni, domin su ne littafin tarihin da ba ya ɓacewa.

Tarihin Kano ya nuna Wangarawa sun iso daga Mali a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385. A zamanin Sarki Yakubu, wajen tsakiyar ƙarni na 15, aka sami zuwan Fulani masu littattafai, da Barebari, da wani ayarin Larabawa. Shehu Magili kuwa ya zo daga Arewacin Afirka wajen 1492, lokacin Muhammadu Rumfa, kuma unguwar Sharifai tana danganta kanta da zuriyarsa. Ga Zangon Barebari, ga Tudun Nufawa, ga Ayagi ta Yarabawa. Unguwar Kabara ta samo sunanta daga wani gari kusa da Tambutu, inda kakannin Shehu Nasiru Kabara suka fito. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, daga Agalawa yake, masu asali da ƙasar Abzin. Wane ne a zauren nan zai buɗe baki ya ce waɗannan ba Kanawa ba ne?

Inda maganarmu ta fi ƙarfi shi ne Dandalin Turawa da Alfindiki. Kafin zuwan Nasara, fataken Larabawa daga Gadamus da Tarabulus su ake kira Turawa, Alfindiki kuwa kalmar Larabci ce mai nufin masaukin fatake. Mutanen nan sukan yi watanni suna keta Sahara, kuma galibinsu ba da iyali suke tahowa ba. A nan suka yi aure, a nan kuma waɗansu suka ajiye ƙwaraƙwarai daga cikin bayi, 'ya'yansu suka sha Hausa tare da nono. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, a shekarar da Italiya ta auka wa Tarabulus, sai fataucin raƙumi ya durƙushe, iyalai da yawa suka zauna zama na har abada. Alkaki da alkubus da muke ci, da alkyabbar da sarakunanmu ke yafawa, sunayensu kaɗai sun isa su gaya mana hanyar da suka biyo.

Kwarori kuwa, watau mutanen Labanan da Siriya, nasu labarin dabam ne. Sun yawaita ne a zamanin mulkin Ingilishi, wanda ya fara a 1903, kuma hukumar wancan lokaci ta zaunar da su bayan badala, wajen Fagge, kamar yadda ta keɓe Sabon Gari don mutanen Kudu. Saboda haka cuɗanyarsu da mutanen birni ba ta kai ta Larabawan farko ba. Amma duk da haka an yi auratayya, an kuma haifi 'ya'ya waɗanda ba su da wani gari sai Kano.

To, ta yaya kakanninmu suka lissafta irin waɗannan 'ya'ya? Sun bi hukuncin shari'a, ɗa na ubansa ne. Ɗan da ƙwarƙwara ta haifa wa ubangidanta ɗa ne cikakke, yana cin gado daidai da ɗan matar aure, har sarauta yana iya hawa. Wannan ya kare mu daga masifar da ta sami waɗansu ƙasashe. A jihar Bajiniya ta Amurka, dokar 1924 ta hana wanda ke da ko ɗigon jinin baƙar fata a kira shi fari. A Afirka ta Kudu, dokar 1950 ta rarraba jama'a gida-gida bisa launi, har akan soka fensir a gashin mutum a ga ko zai faɗo, ba a soke ta ba sai a 1991. Kano ba ta taɓa yin irin wannan rajista ba. A nan ma yaro baƙi wuluk akan kira shi Bature don an haife shi ranar Talata, ko Balarabe don ya zo ranar Laraba, ba wanda ya ga abin mamaki.

Amma kada mu yi saurin yabon kanmu, domin lissafin uba yana da nasa giɓin. Mu yi ɗan lissafi. Balarabe ya auri Bakanuwa, ɗansa ya auri Banufiya, jikansa ya auri Bahaushiya. Yaron da aka haifa bayan wannan, in an raba jininsa kashi takwas, kashi ɗaya tak ne na Larabawa. Duk da haka gidan Larabawa ake kiran gidansu, ana iya jero sunayen maza har zuwa Gadamus, alhali matan da suka ɗauki ciki suka yi goyo ba mai tuna sunansu, musamman in baiwa ce. An riƙe reshe ɗaya, an bar kututture.

Daga nan ne cuta biyu suka tsiro, kuma suna saɓa wa juna. Ta farko ita ce kwaɗayin fari. Muna da kirari mai cewa farar mace alkyabbar mata, har waɗansu kan ce fara ko mayya ce. Mai neman aure yakan aika a duba masa hasken yarinya tun bai tambayi halinta ba. Sakamakon haka muna ganinsa a kasuwanni, inda ake sayar da mayukan bilicin masu ƙona fata da lalata ƙoda, har hukumar NAFDAC ta yi ta gargaɗi a kansu a 2023. Wankan tarwaɗa da baƙa mai sheƙi, waɗanda su ne mafi yawan 'yan'uwanmu mata, an sa su suna ganin kamar da saura a halittarsu.

Cuta ta biyu ita ce mayar da mai hasken baƙo. Wanda aka yaba launinsa a wurin biki, shi ne kuma in gardama ta haɗa a ce masa ya koma ƙasarsu, ko a jefe shi da mummunar kalmar nan ta barbarar yanyawa, wadda asalinta don dabba aka yi ta. A kasuwa a tsauwala masa kuɗi. In ya je neman takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma, wadda sai da ita ake samun gurbin karatu da aikin gwamnati, sai a tsaya ana ƙare wa gashinsa kallo. In kuwa ya tsallaka Arewacin Afirka neman dangin kakansa, a can baƙar fata ne. Ina za shi ke nan? Kada a ɗauka wannan wasa ne. A Janairun 1980 aka kama Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar jihar Barno, aka fitar da shi zuwa Cadi bisa zargin ubansa baƙo ne, sai da kotu ta maido masa da haƙƙinsa. In an yi wa ɗan majalisa haka saboda zancen asali, ina ga talaka?

Alhali kuwa doka a fili take. Sashe na 25 na tsarin mulkin 1999 ya nuna wanda aka haifa a Nijeriya bayan samun mulkin kai, in ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne, shi ma ɗan ƙasa ne, sashe na 42 kuma ya hana a nuna wa mutum bambanci saboda yanayin haihuwarsa. Ku duba ikon Allah, kakar nan da aka manta da sunanta, doka ta ɗauke ta shaida cikakkiya. Addini ma haka ya koyar. Aya ta 22 a Suratur Rum ta sanya saɓanin harsuna da launuka cikin ayoyin Ubangiji, kuma a huɗubar ban-kwana Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rushe fifikon Balarabe a kan wanda ba Balarabe ba, da na fari a kan baƙi, sai dai da tsoron Allah.

Saboda haka amsar tambayarmu ita ce, fuska mai shaidar zur ce a birnin Kano. Mai son sanin Bakano ya tambayi unguwarsa, da makarantar allon da ya yi, da maƙabartar da kakanninsa ke kwance.

Daga ƙarshe muna kira ga 'yan'uwa ɗalibai da abu uku. Na ɗaya, in an tafi hutu kowa ya zauna gaban tsofaffin gidansu da takarda da alƙalami, ya rubuta salsalarsa ta wajen uwa kamar yadda ya haddace ta wajen uba, tun masu sanin suna raye. Na biyu, mu fitar da baƙaƙen sunaye daga bakinmu, ko da wasa, a ɗakin kwana da filin ƙwallo. Na uku, gobe mu ne za mu zauna a ofisoshin nan. Duk wanda takardar wani ta zo hannunsa, ya nemi shaidar mai unguwa da dagaci, ya bar fata ga Wanda ya halicce ta.